Farin Tabo a Haƙoran Saude

Birnin Gwari,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga aminiyata Martina 'yar Malam Zakka,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yata Mirabel, kamar yadda muke nan lafiya, sai godiyar Allah. Na san za ki yi dariya in kin ga rubutuna. Rabon da in cika takarda da biro tun muna firamare, babanki na tsaye a kanmu da bulala. To, tun da aka ɗauke mana sabis saboda mutanen daji, kowa ya koma gidan jiya. Abdulsalam direba ne wayarmu yanzu, shi zai miƙa miki wannan in Allah ya sauke su lafiya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba zumunci kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Maganar Saude ce. Kin san ta da karatu, yarinyar da in ta fara tilawa da safe har maƙwabta ke rage rediyo. Malama Bara'atu ta Islamiyyarsu ta zaɓe ta ta shiga musabaƙar Alƙur'ani ta ƙaramar hukuma, izu ashirin, ƙarshen watan gobe. Yanzu yarinyar nan ta ce ta fasa.

Dalili kuwa farin tabon nan ne da ke haƙoranta na gaba, na sama. Kin taɓa ganinsa. Tun da ta yi famfara sababbin suka fito da shi, kamar an ɗiga musu alli, ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Sai ranar walimar sauka a makarantarsu, kafin a ɗauke sabis, wani ya kawo waya daf da fuskarta tana karatu, ya ɗauka ya watsa. Mutane suka bar ayar Allah suka koma kan haƙora. Wani mara mutunci ya rubuta wai "mai haƙoran zabuwa", sunan kuma ya bi ta har cikin aji. Wallahi ranar da aka ɗauke sabis kowa na kuka, ni ko hamdala na yi a ɓoye.

Tun daga nan take karatu baki a tsuke, kai a sunkuye, murya na fita ta hanci. Malama Bara'atu ta tako har gida ta ce mini, "Maman Saude, karatu da baki ake yinsa. Akwai haruffan da sai harshe ya taɓa haƙoran nan suke fita, alƙalai kuma ba sa ba da maki a kan abin da ba su ji ba. In ba za ta buɗe ba, dole in ba wata gurbin." Ta ce za ta ɗan jira mu, amma ba da yawa ba.

Inna, mahaifiyar maigidana Malam Yusha'u, tana wurinmu tun da suka baro Dogon Dawa. Ita ta ce a goge da toka da lemon tsami. Mun goge har yarinya na hawaye, tabo na nan daram. Abin na ci mini rai, Martina. Shekaranjiya ƙaninta ya ba ta dariya, ta kai hannu ta rufe baki a gabana, ni da na haife ta. Ke da kike wuni a cikin bakin mutane a asibitin haƙori, ki gaya mini, mene ne wannan? Yana fita?

Ki gaishe mini da mutanen gida.

Taki har kullum,
Zulaiha.

Kaduna,
Alhamis.

Zulai ƙawata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karɓi takardarki a tasha, a tsaye na karanta. Rubutunki har yau tonon kaza ne, da Baba zai gani da ya nemi bulalarsa.

Kafin komai, a daina tokar nan da lemon tsami yau, ba gobe ba. Ki ce wa Inna na durƙusa na gaishe ta, amma tabon nan ba datti ba ne balle a kankare. A cikin ɓawon haƙorin yake. Tsami cinye ɓawon yake yi, shi kuma in ya tafi ba ya sake tsirowa.

Ban ga bakin Saude ba tun tana ƙarama, ba zan yanke hukunci a takarda ba. Amma ki amsa mini waɗannan, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sauran yaranki suna da irin tabon? Domin akwai ruwan da ke ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima. Kaɗan ɗinsa gyara haƙori yake, amma in ya yi yawa lokacin da haƙora ke haɗuwa a cikin dasashi sai su fito da zane, galibi kuma a duk yaran da suka sha ruwa ɗaya. Haka yaron da ya saba haɗiye man goge baki kamar alewa. Sannan ki ɗaga leɓenta ki duba, tabon a gindin haƙori yake, kusa da dasashi? In a nan yake, yana iya zama farkon ruɓewa, abin da kuke ce wa tsutsa, wanda zaƙi da rashin wanke baki ke kawowa. Shi ne nake tsoro, don ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na ƙarshe, ta taɓa yin zazzaɓi mai tsanani ko doguwar jinya kafin ta kai shekara uku? Ki yi tunani da kyau.

Batun fita kuwa, ki kwantar da hankalinki, kullum muna yin irinsa. In tabon a sama-sama yake, likita na shafe shi a hankali da wani magani. In ya ɗan shiga ciki, akwai wani ruwan danƙo da ake ɗigawa ya ratsa tabon, a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare, sai launin ya saje da sauran haƙorin. Mai zurfi a sa masa ciko mai launin haƙori. Akwai kuma fallen da ake manna wa haƙori gaba ɗaya, amma wannan ba na 'yar shekara goma sha biyar ba ne, ko kin roƙe ni ba zan bari ba.

Duk wannan sai an gan ta. Ku kawo ta, ɗakin Mirabel na nan. Maigidana Obed na gaishe da Malam Yusha'u.

Taki,
Martina.

Birnin Gwari,
Litinin.

Martina,

Sallama da gaisuwa. Mun karɓa, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Na tara yaran nan a tsakar gida na sa su buɗe baki ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen raguna. Babu mai tabo sai ita, kuma rijiya ɗaya suka sha. Man goge baki kuwa, ai ke ma kin san da asuwaki ta tashi. Tabon ba a gindi yake ba, a tsakiyar haƙoran yake, a jere kamar an gwada da zare. Jinya kuma babu. Saude ko ciwon haƙoranta na jarirai bai ba ni wahala ba, ni uwarta ce, da ta yi zan sani.

Sai dai Malam ya ce atafau. Ya ce, "A kan ado zan ɗora 'yata a hanyar Kaduna? Mutane na bin hanyar nan da kalmar shahada a baki, ni in bi ta saboda kwalliya?" Gaskiya kuwa ya faɗa. Kin san dajin nan ba sai an ba ki labari ba. Na shiga ɗaki na zauna, na rasa wanda zan ji haushi.

Yarinyar ta ba ni wata takarda a naɗe ta ce in haɗa miki. Ban buɗe ba, amma Allah ya sani na ɗaga ta a rana.

Taki,
Zulaiha.

Zuwa ga Anti Martina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Anti tana lafiya, da Baba Obed da Mirabel.

Anti, don Allah kada ki gaya wa Mama. Da na ji Baba ya ce ba za a je ba, na sayi wani ruwa a ƙaramar kwalba wurin wani mai talla a tasha. Ya ce na wanke haƙori ne, a gabana ya shafa wa wani mai cin goro da auduga, haƙoransa suka yi fari nan take. Na shafa da safe da yamma. Yanzu ko'ina ya yi fari-fari kamar garin rogo, tabon kuma bai tafi ba. In na sha ruwan randa sai in ji har cikin kaina. Ko iska ce ta shiga bakina zafi nake ji, shi ya sa ko tilawar da nake yi a hankali na daina.

Anti, na lalata su ke nan? Zubewa za su yi? Ki gaya mini gaskiya, ba zan yi kuka ba. Ina son musabaƙar nan, tun ina aji uku nake son ta. Amma in na tuna za a ɗago waya sai in ji harshena ya yi nauyi.

Na bar ki lafiya.

'Yarki,
Saude Yusha'u.

Kaduna,
Laraba.

Saude 'yata,

Na gaishe ki. Ba za su zube ba. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Amma kin so ki rasa ido garin neman gira. Irin ruwan nan mai ci ne, farin da kika gani a bakin mai goro fatar haƙorinsa ce aka ƙone. Ki juye kwalbar a masai yanzu, kada ƙannenki su tsinta. Na ba Abdulsalam man goge baki na masu jin tsamin haƙori da buroshi mai laushi. Ki goge a hankali, ki tofar, kada ki kuskure da ruwa. Ban da lemo, ban da tsamiya, ban da zoɓo mai ƙanƙara, sai na gan ki.

Roƙonki kuwa ba zan karɓa ba. Ki kai wa mamanki wannan takardar da hannunki. Za ta yi faɗa, na san ta tun ba ta da ɗankwali, amma faɗanta ba ya kai la'asar.

Zulai, tunda na san yanzu ke ke karantawa: ki gaya wa Malam Yusha'u maganar ta wuce ado, yarinya ba ta iya shan ruwa. Kuma tabo a jere, tsayi ɗaya, a bakin yaro ɗaya tak a gida, ni dai jinya yake nuna mini. Ki sake tambaya. Ba kullum take bayanki ba.

Taku,
Martina.

Birnin Gwari,
Asabar.

Martina 'yar Malam Zakka,

Gaisuwa mai yawa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Faɗa na yi shi, kuma ya kai la'asar har ya ɗan gota, don ki sani. Bayan na huce na zauna kusa da Inna tana ɓarar gyaɗa, ina karanta mata takardarki. Kin san kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, don haka rabin unguwa sun ji sirrin gidanmu. Da na zo wurin jinya na ce, "Inna, wai Martina ta nace sai Saude ta taɓa yin ciwo tana ƙarama." Tsohuwar nan ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To ai ta yi. Ƙyanda. Lokacin yaye."

Na ce, "Wace ƙyanda, Inna?"

Kin tuna da ta kusa shekara biyu aka kai ta Dogon Dawa wurin Inna yaye, kamar yadda ake yi, ni kuma aka ce kada in leƙa sai ta manta nono. Ashe tana can ƙyanda ta shiga garin. Inna ta ce jikin yarinyar nan ya yi zafin da ko zane ba ta iya rufa mata, idanu suka liƙe, ta daina karɓar ko ruwa. A bayanta ta goya ta zuwa ɗakin shan magani, kullum, har ta fara buɗe ido. Ta ce akwai ranar da ta kwance goyon a hanya don ta ji ko tana numfashi. Duk wannan ana yi, saƙon da ke zuwa mini shi ne, "Tana lafiya, tana shan kunu." Da aka dawo mini da ita a rame na yi magana, aka ce haka yaye yake.

Na ce, "Inna, shi ne ba ki aiko ba?" Ta ce, "In aiko ki zo da gudu ta gan ki ta koma nono, a ɓata yaye? Da ta warke kuma me zan gaya miki? Ga ta nan ta fi ki tsawo." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Wayyo Martina. Na yi kukan da ya kamata in yi shekara goma sha uku da suka wuce, sannan na yi dariya, Saude na kallona kamar na zautu. Ashe abin da muke ta gogewa da toka, shaidar Allah ya bar mini 'yata ce. Ba tsutsa ba ce, ba mugun abu ba ne. Tun da aka fara maganar nan ban ji sanyi a raina irin na ranar ba.

Malam ma bai sani ba. Ya shigo ya tarar da mu, aka maimaita masa da ƙarfi. Sai Inna ta dube shi ta ce, "Ni na goya ta a ƙafa ba soja ba kowa. Kai an ce ga mota, ga soja gaba da baya, kana ce mini ado? Yarinya ta bar karatu ka ce ado?" Ya sa takalminsa ya fita. Da ya dawo ya ce ran Talata akwai rakiyar soja, shi zai kai mu da kansa.

Ki sa mu a addu'a irin taku, mu ma muna yin irin tamu.

Taki,
Zulaiha.

Birnin Gwari,
Juma'a.

Ƙawata,

Sallama da godiya. Mun iso gida lafiya jiya kafin la'asar. Daga Buruku har muka hango gari ba wanda ya yi tari a motar nan, sai carbin Malam ke ƙara. Allah ya saka miki, ke da Obed da likitarku mai sanyin hannu. Har yanzu ina jin maganarta a kunnena, da ta ce ruwan kwalbar sama kawai ya taɓa, an tare shi da wuri.

Aiki kam ya yi kyau. Maƙwabta sun shigo kallo, sai an kai ta bakin ƙofa wurin haske ake ganin 'yar inuwar da kuka ce za ta rage a haƙori ɗaya. Yau ta sha ruwan randa ba ta runtse ido ba.

Amma Martina, zan gaya miki abin da ban zata ba. An gyara haƙora, baki bai buɗe ba. Da safe ta ɗauki Alƙur'ani, na laɓe a bayan labule ina murna, sai na ji muryar nan dai ta hanci. Na ce, "Ke, ai babu komai yanzu, duba madubi." Ta ce ta sani, leɓen ne ke rufe kansa. Malama Bara'atu ta saurare ta ta girgiza kai, ta ce ran Laraba za ta miƙa suna, ko nata ko na wata.

Mun bi hanyar da mutane ke tsoro mun dawo, ga shi abin da ya rage ba ya cikin asibitinku. Ban san wa zan kai wa wannan ba.

Taki,
Zulaiha.

Birnin Gwari,
Alhamis.

Zuwa ga Anti Martina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina ƙara godiya a kan ɗawainiyar da aka yi da mu. Ina goge baki yadda aka nuna mini. Ki ce wa Mirabel na bar matajinta a kan taga, ban taho da shi ba.

Anti, Mama ta ce in ba ki labari da kaina. Ran Asabar Inna ta kira ni ɗakinta ta ce in karanta mata Tabaraka, wai ta daɗe ba ta ji ba. Na fara. Ta ce ba ta ji. Na ƙara murya, ta ce ba ta ji. Na ƙara har ƙannena suka taru a ƙofa. Sai ta jawo ni gwiwata na taɓa tata, ta kama haɓata ta ɗaga, ta ce, "Ke, ni kunnena ya daɗe da ritaya, da ido nake ji. Tun da kika rufe bakin nan ban sake jin karatunki ba, na yi shiru ne kawai. Buɗe in ji."

Anti, ban san haka ba ne. Na buɗe. Tana kallon bakina tana bi a hankali, in na tsuke sai ta buge mini gwiwa. Da na kai ƙarshe ta ce in sake. Yanzu kullum bayan na dawo makaranta wurinta nake yin tilawa, gwiwata har ta yi tsami.

Jiya Malama ta saurare ni, ta miƙa sunana. Har yanzu ina tsoron waya. Amma zan je.

'Yarki,
Saude Yusha'u.

Birnin Gwari,
Asabar.

Martina,

Gaisuwa a gurguje, Abdulsalam ya ta da mota.

An yi yau. Ɗakin taron ya cika, ni da wasu mata a waje muka tsaya, gindin lasifika. Ban ga fuskarta ba. Da aka kira sunanta na ji shiru ya yi tsawo, har na kama bango. Sai ta yi basmala. Martina, muryar 'yata ce, tsohuwar, garau, har bakin titi. Matar da ke kusa da ni ta ce, "'Yar wace ce wannan?" Na buɗe baki in ce tawa ce, kuka ya riga ni.

Malam yana ciki, ya ce wayoyi sun fi a ƙirga, ba ta sunkuyar da kai ba.

Gobe za a faɗi sakamako. Ban ma tambayi ƙarfe nawa ba.

Allah ya bar mu tare.

Taki,
Zulaiha.